Na-Sani da Facin Firinta

A layin masu shaguna, tsakanin shagon Tela da na Mai Hoto, akwai wani ɗan shagon gyaran kwamfuta wanda allon sanarwarsa ya fi ƙofarsa faɗi. Mai shagon in yana wurin Injiniya ake ce masa, in ya ba da baya kuma Na-Sani. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba a taɓa fara yi masa bayani an kai ƙarshe ba, ko likita ne kuwa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, na sani."

Mutum ɗaya ne bai taɓa iya ɗaga wa hannu ba, wato surukinsa, Baba Hedimasta. Tsohon ya bar aikin makaranta tuntuni, amma har yanzu kallon mutum yake yi ta saman gilashi kamar zai ba shi maki. Duk inda ya gabatar da Na-Sani sai ya ce, "Mijin 'yata ne, yana ɗan kwance-kwancen wayoyi." Wannan magana tana ƙona wa Na-Sani rai ƙwarai, kuma ba shi da burin da ya wuce ranar da tsohon zai haɗiye ta.

Ana nan sai tsohuwar firintar Mai Hoto, wato na'urar da yake buga hotuna da ita, ta ɓullo da wani hali. In kwamfuta ta yi barci ta farka, ita firintar sai ta ƙi farkawa, sai an zare ta an mayar. Na-Sani ya yi ta lalube a cikin kanal har ya cusa wani layi ɗaya da ke cewa a ɗan jira kafin a yi wa na'ura magana. Firinta ta farka. A yi masa adalci, wannan karon ya gano abu na gaske, ko da yake shi kansa bai san yadda aka yi ba.

Ita kanal ɗin nan ita ce uwar gidan duk abin da ke cikin kwamfuta, ita ke raba aiki tsakanin allo da madannai da firinta. Wadda Na-Sani ke aiki da ita ta kowa da kowa ce, mutane daga ko'ina a duniya ke rubuta ta, har cikin wayoyi akwai ta. Duk wanda ya ga ɓaraka yana iya haɗa faci ya tura wani zauren imel inda kowa ke karanta na kowa. Kowane sashe yana da Mai Kula, kuma in Mai Kula ya karɓi facinka, sunanka ya zauna cikin tarihin kanal ke nan, ba mai goge shi.

Tun kafin ya tura komai Na-Sani ya sa babbar riga ya nufi gidan surukinsa.

"Baba, kwanan nan sunana zai shiga wayar nan da ke aljihunka."

"Ai yana ciki. Na ajiye lambarka."

"Ba wannan ba, Baba. Can cikin zuciyar wayar. Taka, da ta maƙwabcinka, da ta duk wanda ke numfashi a duniya."

Baba ya kalle shi ta saman gilashi. "To madalla. In ya shiga ka kawo in karanta da idona."

Da ya dawo shago ya zauna haɗa faci, sai ya ga layi ɗaya tak ya yi wa mutum irinsa ƙanƙanta. Me za a ce? Injiniya guda ya turo layi ɗaya? Sai ya shiga yi wa facin ciko. Ya sauya sunayen abubuwan da bai ji daɗin furta su ba, ya matsar da wannan, ya daidaita wancan, har facin ya kumbura. A sama ya rubuta gabatarwa mai tsawo a kan kansa da irin kwamfutocin da suka mutu ya tashe su. Ya tura, ya fito ƙofar shago ya sanar da Tela da Mai Hoto cewa su fara saba wa kansu da 'yan jarida.

Washegari amsa ta zo daga Mai Kula, gajeriya, ba ado:

"Matsalar da ka gano gaskiya ce, mun gode. Amma facin nan bai yi ba. Ka sa duk na'urar da aka jona a kowace kwamfuta ta tsaya jira saboda firinta ɗaya. Ka taƙaita jiran ga wannan firintar kaɗai, ka cire sauran gyare-gyaren da ba su da alaƙa, ka turo siga ta biyu."

Na-Sani ya karanta, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Godiyar ba ta shiga kunnensa ba, "bai yi ba" kaɗai ya ji, kuma a gaban duniya aka faɗa masa.

"Tela! Zo ka ga rashin tarbiyya! Ko gaisuwa babu. Ko Injiniya bai ce ba. Ni zai ce wa bai yi ba?"

Tela ya leƙo da tef a wuya. "Me yake so ka yi?"

"Wai in gyara in sake turowa. Kamar ɗan aji ɗaya."

"Kul, Injiniya! Kada ka fara. Ni in aka dawo mini da ɗinki wai ya matse, cewa nake mai rigar ne ya yi ƙiba. Ranar da ka yarda ka yi kuskure, ranar ka zama yaron kowa."

"Allah ya yi maka albarka, Tela. Kai kaɗai ke da hankali a layin nan."

A gida matarsa ta saurari labarin tana ninke kayan wanki. Ta ce, "To Maigida, gyaran da ya ce zai ɗauke ka yaushe?"

"Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama."

"To ka yi mana. Ba sunan kake so ba?"

"Ke ba ki san siyasar duniya ba. Hassada ce. Ya ga baƙon suna zai shigo ya rufe nasa."

"Ya san ka ne?"

"Shi ya sa yake jin tsoro."

Ya koma shago ya rubuta amsa da manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, don a san ba da wasa ya zo ba. Ya haɗa da hoton allon shagonsa a matsayin shaida. Zauren ya dawo masa da saƙon, domin ba a karɓar hoto a can, rubutu zalla ake so. Ya ce an toshe masa baki. Ya cire hoton, ya bayyana allon da kalmomi, har da launin fenti, ya sake turawa.

Mutanen zauren suka fara tanka masa. Wani ya ce don Allah ya daina ihu. Wata ta ce ta gwada facinsa a kwamfutar wurin aikinsu mai na'urori da yawa, ta kunna, ta je ta ci abinci ta dawo, kwamfutar ba ta gama tashi ba. Wani kuma, da zuciya ɗaya, ya ce in yana so zai taya shi haɗa siga ta biyu. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓata masa rai.

"Zai taya ni! Mai Hoto, ka ji? Zai taya ni!"

"Ai alheri ne, Injiniya."

"Alherin me? So yake a ce tare muka yi."

Daga nan ya yanke shawarar tsallake Mai Kula ya kai ƙara sama. Ya rubuta wa Babban Mai Kula, wanda duk sassa ke miƙa wa aikinsu, ya zayyana masa yadda wani ƙaramin ma'aikacinsa ke wulaƙanta manyan baƙi, ya ba shi shawarar ya sauke shi, ya kuma nuna cewa in an rasa wanda za a ɗora, shi ba zai ƙi ba. Amsar Babban ta fi ta ƙaramin gajarta: "Mai Kula ya yi gaskiya. Turo siga ta biyu."

Nan fa Na-Sani ya tashi haiƙan. Ya buɗe ƙofar shago warai don a ji, yana bugawa yana karantawa da ƙarfi:

"Daga yau na fita harkarku. Kada wanda ya kuskura ya ambaci sunana a cikin aikinku, ko a sama, ko a ƙasa, ko a gefe. Na haramta! Zan buɗe tawa kanal, ku kuma za ku zo kuna roƙo."

Tela ya tafa masa. Ba a jima ba Mai Kula ya amsa da kalma biyu: "An ji."

"Ka gani?" in ji Na-Sani. "Bakinsa ya mutu."

Dokar kanal ta yarda kowa ya kwashi kwafinta ya yi yadda ya ga dama, don haka ba wanda ya hana shi. Ya raɗa mata suna Kanal Injiniya, ya naɗe hannun riga. Da farko ya yi lissafi irin nasa: tunda jira kaɗan ya gyara firinta, jira mai yawa zai gyara komai. Ya ninka jiran, ya sake ninkawa. Sai kuma ya lura ita kanta kanal ɗin ba ta da aiki sai ƙorafi, nan gargaɗi, can gargaɗi, wannan ya gaza, wancan bai amsa ba.

"Har na'ura sun koya wa sukar mutane," ya ce, ya bi gargaɗin nan ɗaya bayan ɗaya ya goge. Ya zo kan sashen da ke kunna fanka ya kashe kwamfuta in ta yi zafi, ya ce wannan ragwanci ne, kwamfutar da ke aiki da sunansa ba za ta riƙa neman hutu ba. Shi ma ya cire.

Tela ne ya fara cin moriyar. Yana da keken aiki mai zana ado a wuyan riga, wanda wata ƙaramar kwamfuta ke ba umarni. Na-Sani ya zuba mata sabuwar kanal kyauta, saboda amana. Keken ya yi shiru har Tela ya ɗauka ya mutu, can kuma ya zabura ya kama dukan wuri ɗaya, allura na shiga tana fita, har ya huda wuyan rigar wani ango ya bar rami da yatsa zai wuce.

"Injiniya! Zo ka ga abin da kanal ɗinka ta yi!"

Na-Sani ya shigo a natse ya duba allo. "Ta nuna wata matsala?"

"Ba ta nuna komai ba."

"To ka gani. Babu matsala."

"Ramin fa?"

"Ka ce wa angon wuyansa ne ya yi tsini."

Tela ya gane karatunsa ne aka maido masa, ya koma kan kekensa.

Na Mai Hoto, wanda shi ma aka zuba wa kwamfutarsa sabuwar kanal, ya fi muni. Firintar da a da ba ta farkawa yanzu ta ƙi barci. Wani dattijo ya zo ɗaukar ɗan hoton katin shaida, firinta ta fitar, ta sake fitarwa, ta ci gaba. Kafin a farga fuskar dattijon ta cika tebur ta zubo ƙasa, duk inda ka taka shi ne yake hararar ka. Dattijon ya tsaya yana kallon kansa a ƙarƙashin takalmin Mai Hoto, ya ce shi dai guda biyu ya nema.

"Ta nuna matsala?" in ji Na-Sani daga bakin ƙofa.

"Wallahi Injiniya in ka sake yi mini wannan tambayar sai mun ba hammata iska."

"A da kuka kake ba ta aiki, yanzu kuka kake tana aiki. Ɗan Adam ba a iya masa."

Mutum mai hankali da nan ya tsaya. Na-Sani kuwa sai ya ga lokaci ya yi da za a yi bikin ƙaddamarwa. Ya ɗauko hayar kujeru da rumfa da lasifika, ya aro majigi, ya kafa su a filin da ke bayan shaguna. Farin zanen gadon matarsa ya ɗaure a bango a matsayin allo, ba tare da ya tambaye ta ba. Ya gayyaci duk layin, ya kuma je da kansa ya ɗauko Baba Hedimasta ya zaunar da shi a kujerar gaba. Tela da Mai Hoto ma sun zo, ba don sun huce ba, sai don ba sa so a ba su labari.

Rana ta take, zafi kamar a gasa mutum. Na-Sani ya ɗora kwamfutarsa mafi tsada a kan tebur, ya jona mata majigi da lasifika da madannai da kyamara da firintar Mai Hoto da duk abin da ya samu mai wutsiya, don a ga ƙarfinta. Ya ɗauki makirufo.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, manyan duniya sun gani sun tsorata. Sun ce in gyara. Ni! Na ce musu wanda ya iya ba ya gyara. Bismillah."

Ya danna. Zanen gado ya yi shuɗi, ya tsaya a shuɗi. Kanal Injiniya ta fara jiran madannai. Da ta gama ta shiga jiran kyamara.

"Tana gaisawa da na'urori ne ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Tawa kanal tana da tarbiyya, ba irin tasu ba."

Aka yi dariya, ya ji daɗi, ya ci gaba da jawabi. Ya ba da tarihin yarintarsa. Ya ba da labarin rediyon farko da ya kwance. Baba Hedimasta ya tambaya ko ya mayar da ita, Na-Sani ya yi kamar bai ji ba. Mata suka fara fifita da gefen mayafi, wani ya yi gyangyaɗi har hularsa ta faɗi, zanen gado yana nan a shuɗinsa.

Can Tela ya ɗaga hanci. "Wa ya bar dutsen guga a kan kaya?"

Ba dutsen guga ba ne. Wani siririn hayaƙi ne ke fita ta gefen kwamfutar, a hankali, cikin ladabi, ba fanka ba gargaɗi. Roba ta fara narkewa tana wari. Na-Sani ya matsa ya tsaya a gabanta don ya kare ta da babbar riga, hayaƙin ya ɓullo ta saman kafaɗarsa.

Mai Hoto ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya ce da ƙarfi, "Injiniya, ta nuna wata matsala?"

Filin ya kece da dariya. Har wanda ya yi gyangyaɗi ya farka ya taya su. Matar Na-Sani ta taso da sauri ta zare wayar kwamfutar, ta jawo ta da bakin tire ta ajiye a ƙasa, ta wuce ta fara kwance zanen gadonta. Mutane suka fara miƙewa suna kaɗe riguna. Na-Sani ya tsaya tsuru-tsuru da makirufo a hannu.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba don ya samu inda zai sa idonsa, ya ga saƙo daga Mai Kula, kan saƙon kuma yana cewa an karɓi gyaran firinta. Bai karanta sauran ba. Jininsa ya dawo jikinsa gaba ɗaya.

"Jama'a ku zauna! Ku zauna na ce! Sun sauko! Ban gaya muku za su zo suna roƙo ba?" Ya ruga ya durƙusa gaban surukinsa ya miƙa masa wayar da hannu biyu. "Baba, ka ce sai ka karanta da idonka. Ga shi. Ka karanta wa jama'a, ka fassara musu."

Aka koma aka zauna. Baba Hedimasta ya goge gilashi, ya karɓi makirufo, ya miƙe kamar yana gaban taron ɗalibai. Ya karanta a hankali, yana fassarawa jimla bayan jimla.

"Ya ce, wata baiwar Allah ta nemo irin firintar, ta rubuta ɗan gyaran da muka ce ka yi, layi kaɗan ne, mun karɓa."

"Ci gaba, Baba, ci gaba."

"Ya ce, al'adarmu ce mu rubuta sunan wanda ya gano matsala a ƙarƙashin faci. Kai ka gano wannan, kuma sunanka ta fara sawa."

Na-Sani ya juya ya kalli jama'a ya buɗe hannuwa.

"Ya ce, amma ka rubuta a gaban kowa cewa ka haramta a ambaci sunanka, ko a sama, ko a ƙasa, ko a gefe. Mu kuma ba ma sa sunan mutum ba da izininsa ba. Saboda haka mun cire, mun rubuta cewa wani mutum ne ya gano. Facin ya riga ya shiga, tarihin kanal kuwa ba a sake rubuta shi. Muna godiya."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Baba ya sake bin saƙon da ido shi kaɗai, kamar mai neman inda zai ƙara wa ɗalibi maki, bai samu ba. Ya sauke makirufo ya ce a hankali, "Ashe da gaske ka gano abu, ɗana. Ashe har an rubuta sunan."

Da tsohon ya yi masa ba'a da ya fi masa sauƙi. Baƙin ciki ya kama Na-Sani, domin abin da ya yi ta nema ya zo har hannunsa, kuma ba Mai Kula ne ya ƙwace ba. Amma bakin da ya saba ba ya mutuwa rana ɗaya. Ya miƙe, ya karɓi makirufo, ya gyara wuyan riga.

"To jama'a, kun dai ji da kunnenku. Daga shagon nan na ba manyan duniya umarni, kuma sun bi shi tiryan-tiryan. A layin nan wa ya taɓa yin haka?"

Tela ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da hannunsa aljihu.

Baba Hedimasta ya leƙa fuskar surukinsa ta saman gilashi. "Hawaye ne wannan?"

"Hayaƙi ne, Baba."

Tsohon ya dubi kwamfutar da ke ƙasa, wadda ta daɗe da hucewa. Ya zaro hankicinsa ya miƙa masa.